Yadda ake karanta bajon kamfen shugaban ƙasar Amurka, daga bayansa zuwa fuskar mataimaki

Tsohon bajon yaƙin neman zaɓe na Amurka ƙaramin abu ne ƙwarai, domin da yawa daga cikin waɗanda aka buga shekaru ɗari da suka wuce ba su kai faɗin murfin kwalbar lemo ba, amma akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen tara su, wasu ma sun biya kuɗin da zai sayi gida a kan guda ɗaya. Waɗanda masu tarawa suka fi ji da su su ne masu ɗauke da fuskoki biyu kafaɗa da kafaɗa, ta ɗan takarar shugaban ƙasa da ta abokin takararsa. Sunan da suke kiran irin wannan bajo da shi, wato "jugate", ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin karkiya, irin wadda ake ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ya ga yadda wannan sa yake ja gabas wancan yana ja yamma, alhali itace ɗaya ne a wuyansu, ya riga ya san abin da ake nema a fuskokin nan biyu. Abin da ya rage masa shi ne aikin hannu da na ido, kuma shi za a bi daki-daki a nan.

Mataki na farko: a san dalilin haɗa mutum biyu a bajo ɗaya

A farkon kafa Amurka ba a tsayawa takara biyu-biyu. Kowane wakilin da jiha ta tura zaɓen shugaba yana jefa ƙuri'a biyu, wanda ya zo na ɗaya ya zama shugaba, na biyu kuma ya zama mataimaki, shi ya sa a 1796 John Adams ya wayi gari da babban abokin hamayyarsa, Thomas Jefferson, a matsayin mataimaki. A 1800 kuma Jefferson ya yi kunnen doki da Aaron Burr, mutumin da jam'iyyarsu ta tsayar domin ya zama mataimakinsa, sai da majalisar wakilai ta raba gardama. Gyaran kundin tsarin mulki na 12, wanda aka amince da shi a 1804, shi ya raba ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki, kuma daga nan ne jam'iyyu suka koma neman abokin takarar da zai kawo abin da ɗan takara ya rasa, ko jiha ce, ko yanki, ko wani ɓangaren jam'iyya da ya yi fushi. Mai karatu a Najeriya ya san wannan lissafi, tun da ƙasar ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979 aka ga Shagari da Ekwueme a fosta ɗaya, ya kuma ga yadda Obasanjo da Atiku suka yi murmushi tare a fostocin 1999 da 2003 kafin su yi hannun riga. Saboda haka a ɗauki bajo mai fuska biyu a matsayin shaidar cinikin da jam'iyya ta ƙulla a wata shekara. Batun ko mutanen biyu suna ɗasawa, wannan sai an nemo shi a wani wuri.

Mataki na biyu: a juya bajon kafin a kalli hotunan

Sabon shiga yakan zuba wa fuskar bajo ido, tsohon hannu kuwa bayansa yake fara dubawa, domin kayan da aka ƙera shi da su sun fi hoton faɗin gaskiya game da shekarunsa. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kusa da taga, a samo madubin da ke ƙara girman abu sau goma, irin na masu gyaran agogo, da ɗan abin awo mai nuna inci.

Idan abin da ke hannu maɓallin riga ne na ƙarfe mai kunne a baya inda ake ɗinke shi, to ya fito daga zamanin da bajo mai fil bai samu ba. Mafi shahara a cikin waɗannan su ne na rantsar da George Washington a 1789, masu ɗauke da haruffan sunansa da addu'ar tsawon rai ga shugaba, kuma ba na kamfe ba ne, tun da babu wanda ya kara da shi. Idan kuwa ɗan hoto ne mai duhu da aka ɗauka a kan siririn ƙarfe, aka kewaye shi da zoben tagulla mai huda a sama inda ake zura zare, to an shigo 1860 da shekarun da suka biyo baya. A irin wannan, Abraham Lincoln yana gefe ɗaya, abokin takararsa Hannibal Hamlin yana ɗaya gefen, suna bai wa juna baya kamar kan kwabo da wutsiyarsa. Lincoln na 1860 ba shi da gemu, na 1864 ne mai gemu, kuma a lokacin an ajiye Hamlin an ɗauko Andrew Johnson.

Bajon da aka sani yau ya bayyana ne a zaɓen 1896 tsakanin William McKinley da William Jennings Bryan, bayan kamfanin Whitehead & Hoag da ke Newark a jihar New Jersey ya yi rajistar fasaharsa. Ƙirarsa hawa-hawa ce: takarda mai hoto, a samanta wata roba mai haske da ake kira seluloyid, a ƙarƙashinta ɗan faifan ƙarfe mai doro, sannan a naɗe bakin takardar da robar zuwa baya a danne su da zoben ƙarfe, a saƙala lanƙwasasshen fil a ciki. Idan aka shafa fuskarsa da yatsa za a ji santsi kamar gilashi, idan aka juya shi kuma za a ga zoben da ƙananan tattarar robar a ƙarƙashinsa. A cikin ramin bayan galibi akwai wata ƴar zagayayyiyar takarda da ta yi ruwan ƙasa saboda tsufa, mai ɗauke da sunan kamfani da garinsa, wani lokaci har da ranakun rajista. Sunayen da za a riƙa cin karo da su, ban da na farkon, sun haɗa da Bastian Brothers na garin Rochester da St. Louis Button Company. A lura cewa shekarar rajistar da ke jikin takardar tana nuna lokacin da aka yi wa fasahar rajista ne kawai, domin an ci gaba da buga 1896 a bayan bajojin da aka yi shekaru bayan nan.

Daga wajajen 1920 wani iri mai araha ya fara yawaita, wanda ake buga fenti kai tsaye a jikin gwangwani sannan a yanke a lanƙwasa bakinsa. Wannan ba shi da takarda, ba shi da roba, ba shi da zobe, kuma yana saurin karcewa. Kamfanin Green Duck na Chicago ya buga irinsa da yawan gaske. Amfanin sanin wannan bambanci shi ne, duk bajon McKinley da aka gani da fenti a kan gwangwani tsirara, an yi shi ne bayan mutumin ya daɗe a ƙasa.

Daga ƙarshe a auna faɗinsa. Na farko-farko sun fi yawa a kashi bakwai cikin takwas na inci ko inci ɗaya da kwata, manya masu inci uku zuwa sama kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu suka zama ruwan dare. Awo kaɗai ba ya yanke hukunci, domin akwai tsofaffi manya, amma yana taimakawa idan aka haɗa shi da sauran alamu.

Mataki na uku: a yi amfani da mataimaki wajen gano shekara

Yawancin bajoji ba sa ɗauke da shekara, kuma ɗan takara yana iya tsayawa sau biyu ko uku ko huɗu, amma abokin takara yakan canza, don haka shi ne kalandar mai tarawa. Bryan ya tsaya sau uku bai ci ba. Idan an gan shi da Arthur Sewall ko da Thomas Watson, 1896 ke nan, shekarar da ya yi takara da mataimaka biyu a lokaci guda, domin jam'iyyar Democrat ta ba shi Sewall, attajirin jiragen ruwa daga Maine, ita kuwa jam'iyyar manoma ta Populist da ta mara masa baya ta ƙi attajirin ta tsayar da nata mutum daga Georgia. Idan da Adlai Stevenson ne, 1900, idan kuma da John Kern ne, 1908. Thomas Dewey da John Bricker na 1944 ne, Dewey da Earl Warren na 1948. Richard Nixon da Henry Cabot Lodge na 1960 ne, Nixon da Spiro Agnew kuwa ko 1968 ko 1972, inda sai an dubi taken kamfen a rarrabe.

Sunaye masu maimaituwa su ne ramin da ake yawan faɗawa. Stevenson na 1900 kakan wanda ya kara da Dwight Eisenhower ne a 1952 da 1956. Roosevelt biyu ne, Theodore da Franklin, Bush ma biyu ne, uban yana tafiya da Quayle, ɗan yana tafiya da Cheney. Johnson kuwa, ko a nan kawai, uku ne: Andrew na Lincoln, da Hiram wanda ya yi wa Theodore Roosevelt mataimaki a 1912 lokacin da ya ɓalle daga jam'iyyar Republican, da Lyndon na Kennedy. Bajon da aka rubuta wa Roosevelt da Johnson, saboda haka, na 1912 ne, kuma wanda ya ɗauka Franklin ne da Lyndon ya haɗa mutanen da ba su taɓa hawa tikiti ɗaya ba.

Mataki na huɗu: a binciko abin da ya haɗa su da abin da ya biyo baya

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne dalilin da ya sa tara bajo ya wuce tara murafun kwalba. Ga kowane bajo a nemi amsar tambayoyi uku: me aka sayo da mataimakin nan, yaya zamansu ya kasance bayan rantsuwa, kuma a ina suka rabu.

Bajojin McKinley biyu sun isa misali. A na 1896 yana tare da Garret Hobart, lauya daga New Jersey wanda kusan ba a san shi ba a wajen jiharsa, amma ya zama aminin shugaban, yana zaune kusa da fadar White House, ana shawara da shi, ana kuma aika shi ya sasanta da ƴan majalisar dattawa. Ya rasu a kan mulki a Nuwamban 1899. A na 1900 an maye gurbinsa da Theodore Roosevelt, wanda jigon jam'iyya a New York, Thomas Platt, ya tura gaba domin ya rabu da shi daga kujerar gwamna, alhali Mark Hanna, na hannun daman McKinley, yana ta nuna adawa. Ƙirar bajojin biyu kusan iri ɗaya ce, tuta a sama, fuskoki biyu a ƙasa, amma na farko abota ce, na biyu kuwa neman kai da kaya ne. Sai ga shi an harbe McKinley a Buffalo a Satumban 1901, wanda aka so a ɓoye a ofishin da ba shi da aiki ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 42.

Franklin Roosevelt ya fi kowa bai wa masu tarawa aiki, domin ya ci zaɓe sau huɗu da mataimaka uku. John Nance Garner, kakakin majalisar wakilai daga Texas, ya samu kujerar ne a 1932 bayan ya sakar wa Roosevelt wakilansa a babban taron jam'iyya. Zamansu ya yi tsami a wa'adi na biyu, musamman a 1937 da shugaban ya nemi ƙara yawan alƙalan kotun ƙoli, har ta kai Garner ya fito neman tikitin jam'iyya a 1940 yana kan kujerar mataimaki. Henry Wallace da ya gaje shi ya yi wa jiga-jigan jam'iyya nisa a ra'ayi, suka sa aka sauke shi a 1944 aka ɗauko Harry Truman, sanata daga Missouri. Truman ya yi kwana 82 kacal a matsayin mataimaki, sau ƙalilan ya keɓe da shugaban, kuma sai bayan rasuwar Roosevelt ranar 12 ga Afrilun 1945 aka yi masa cikakken bayanin aikin ƙera bam ɗin nukiliya. Wanda ya jera waɗannan bajoji, ya ƙara da na Wallace na 1948 lokacin da ya fito yana ƙalubalantar Truman a wata jam'iyyar, ya tara rigimar gida ɗaya ta shekara goma sha shida a tafin hannunsa.

Rashin fuska ma magana ce. Taken "I Like Ike" na 1952, wato "Ina son Ike", laƙabin Eisenhower, ya shahara har ya wadatar da kansa ba tare da sunan kowa a gefe ba, kuma Dwight Eisenhower ya bar abokin takararsa Nixon yana lilo a wannan kamfe lokacin da aka zargi Nixon ɗin da karɓar kuɗin magoya baya, sai da ya fito talabijin ya kare kansa. A 1956 ya ba shi shawarar ya bar kujerar ya karɓi minista, a 1960 kuma da ƴan jarida suka tambaye shi wace babbar shawara ce ta Nixon ya taɓa ɗauka, ya ce a ba shi mako guda ko zai tuna da ɗaya. Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri wajen fassara zane, domin bajoji da dama ƴan kasuwa ne suka buga su ba ofishin kamfe ba, kuma ƙanƙantar hoton mataimaki tana iya zama ƙarancin wuri kawai.

Wanda yake son misalin zaman lafiya ya nemi koren bajon Jimmy Carter da Walter Mondale na 1976. Mondale ya samu ofis a ɓangaren fadar da shugaban yake aiki, suna cin abincin rana tare duk mako, yana ganin takardun da shugaban ke gani, kuma waɗanda suka biyo baya a kan wannan turba suka ɗora. Ko a hakan karkiya ba ta daina karyewa ba, kamar yadda aka gani tsakanin Donald Trump da mataimakinsa Mike Pence ranar 6 ga Janairun 2021, da Pence ya ƙi hana tabbatar da sakamakon zaɓen da Trump ya faɗi.

Mataki na biyar: a ware tikitin da bai kai ranar zaɓe ba

Akwai haɗin da aka buga a bajo amma masu zaɓe ba su taɓa ganinsa a takardar ƙuri'a ba. George McGovern ya ɗauki Thomas Eagleton a 1972, bayan kwana 18 Eagleton ya janye sakamakon bayyanar cewa an taɓa yi masa jinyar ciwon damuwa, Sargent Shriver ya maye gurbinsa. Sabon shiga yakan ɗauka cewa bajon kwana goma sha takwas dole ya yi wuyar samu, alhali ƴan kasuwa sun ci gaba da buga shi bayan janyewar saboda sun san za a nema, don haka yana da yawa kuma ba shi da tsada. Gerald Ford bai taɓa yin takara tare da Nixon ba, naɗa shi mataimaki aka yi a 1973 bayan murabus ɗin Agnew, bisa gyaran tsarin mulki na 25. Shi ma Nelson Rockefeller naɗa shi Ford ya yi bayan ya gaji Nixon, kuma da zaɓen 1976 ya zo Bob Dole ne a tikitin. Na baya-bayan nan shi ne kayan kamfen Biden da Harris na 2024, waɗanda suka tashi daga aiki ranar 21 ga Yuli da Biden ya janye. Irin waɗannan a ajiye su a jeri na daban, a rubuta a kansu cewa ba su kai akwati ba.

Mataki na shida: a tantance na gaske da na jabu

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a wannan harka masu kama sun yi yawa. Mafi yawansu ba da niyyar cuta aka yi su ba, kyautar talla ce. Kamfanin Kleenex ya raba kwafin tsofaffin bajoji a 1968, kamfanin mai na American Oil ya yi haka a 1972, kuma dukansu sun rubuta shaida a lanƙwasar bakin bajon, na biyun da haruffan A-O da shekarar. Yau waɗannan kwafi sun haura shekara hamsin, sun yi tsatsa, sun yi kama da tsoho na gaske. Saboda haka a riƙe bajon a tsaye tsakanin yatsu biyu, a juya shi a hankali a ƙarƙashin madubi ana karanta bakinsa gaba ɗaya. Idan an ga wurin da aka kankare, ko ɗigon sabon fenti a bakin, to wani ya goge shaidar ne da gangan, kuma a nan cuta ta shigo. Tun 1973 dokar Amurka ta wajabta a buga shekarar da aka yi duk wani kwaikwayon kayan siyasa a jikinsa, amma dokar ba ta shafi abin da aka yi kafin ta ba, kuma ba kowa ke bin ta ba.

Bayan baki sai a gwada da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Takardar da aka sarrafa daga shekarun 1950 zuwa yau galibi tana ɗauke da sinadarin ƙara fari, wanda yake walƙiya a ƙarƙashin wannan haske, tsohuwar takarda kuwa dishi-dishi take zama. Bajon da aka ce na 1900 ne amma yana ƙyalli kamar sabuwar farar shadda ya tona kansa. Rashin ƙyallin dai ba ya wanke shi, tun da mai wayo yana iya samo tsohuwar takarda. A duba hoton da madubi kuma, idan hoton da ya kamata ya zama baƙi ko ruwan ƙasa ya cika da ɗige-ɗigen shuɗi da ja da rawaya a warwatse, aikin na'urar buga takardu ta zamani ne. Ɗan tambarin ƙungiyar ma'aikatan ɗab'i da ake gani a baki ko a baya alama ce mai kyau, sai dai akwai na gaske da yawa da ba su da shi. Wanda ya ci gaba da shakka ya kwatanta da hotunan da ƙungiyar masu tara kayan siyasa ta Amurka, APIC, wadda aka kafa a 1945, take wallafawa na kwafin da aka sani.

Mataki na bakwai: a yi ciniki da hankali

Tsufa ba shi ke sa tsada ba, ƙaranci ne da lafiyar bajon. Na McKinley an buga su da yawa har ana samun wasunsu da ƴan daloli kaɗan, amma na James Cox da Franklin Roosevelt na 1920, tikitin da ya sha mummunan kaye a hannun Warren Harding, shi ne abin da kowane mai tarawa ke mafarki, kuma an sayar da irinsa a gwanjo a kan kuɗin da ya haura dala 100,000. Abin lura shi ne, fuskar mataimakin ce ta ba shi wannan daraja, domin shi ne ya dawo bayan shekara goma sha biyu ya zama shugaba. Wanda aka yi wa tayin irinsa da araha a intanet ya riƙe kuɗinsa. Ba a cinikin biri a sama, don haka kafin a biya a nemi hoton gaba da na baya da na baki, a tambayi awo, a kuma tabbatar ana karɓar kaya idan an mayar. Tsagewar roba, ɗigon ruwan ƙasa a fuska, kodewar launi da hoton da ya karkace daga tsakiya duk suna karya farashi sosai. Mai farawa ya fi dacewa ya zaɓi zare ɗaya ya bi, misali mataimakan da suka gaji kujera ta hanyar mutuwar shugaba, wato su Tyler, Fillmore, Andrew Johnson, Arthur, Theodore Roosevelt, Coolidge, Truman da Lyndon Johnson, yana sane da cewa huɗun farko sun riga bajo mai fil zuwa, sai dai lambobin ƙarfe da ƙyallaye da hotunan zobe.

Mataki na takwas: a adana su daga danshi da rana

A nan ni kaina na yi asara. Na taɓa zuba wasu ƴan bajoji marasa tsada a cikin gwangwanin biskit na rufe, na tura ƙarƙashin gado kafin damina, ina ganin na yi dabara. Da na buɗe bayan ruwa ya ɗauke, zoben bayan ɗaya daga cikinsu ya yi ja wur, tsatsar ta ratsa takardar ta fito ta gaba, ta zauna a kumatun Mondale kamar ɗigon miyar goro, shi kuwa Carter yana gefe yana murmushinsa ba abin da ya taɓa shi. Irin wannan tabo ba ya fita, domin yana ƙarƙashin roba ne.

Abin da ya dace shi ne a jera su a cikin siririn akwati mai murfin gilashi da shimfiɗa mai laushi, kada ɗaya ya taɓa ɗaya, a ajiye a ɗaki mai sanyi da bushewa inda rana ba ta faɗawa, domin jan launi shi ke fara kodewa. A sa ƴan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Tsohon seluloyid yana kama wuta da sauri, kuma idan ya fara lalacewa yana fitar da tururi mai cin ƙarfe, saboda haka kada a toshe akwatin ruf, a riƙa buɗe shi yana shan iska, duk wanda aka ga ya fara tsattsagewa ko yana wari mai tsami a raba shi da sauran. Wajen gogewa busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, ban da ruwa, ban da kananzir, ban da man goge ƙarfe.

Mataki na tara: a rubuta wa kowane bajo takardarsa

A yanki ɗan kati a ajiye a ƙarƙashin kowanne, ba a manna a jikinsa ba. A rubuta sunayen mutanen biyu da jam'iyya da shekara, da awo da irin ƙira, da abin da aka karanta a baya da a baki, da inda aka saya da nawa, da duk wani aibu da ke jikinsa a ranar da ya shigo hannu, domin a gane idan ya ƙaru. Layin ƙarshe a bar shi ga amsar tambayoyin nan uku na mataki na huɗu, a taƙaice yadda zai shiga katin. Ga bajon 1944, misali, za a rubuta cewa an ɗauko Truman ne domin a kwantar da hankalin jiga-jigan da suka ƙi Wallace, an rantsar da su ranar 20 ga Janairun 1945, kuma ranar 12 ga Afrilu na hagu ya rasu, na dama ya karɓi rantsuwa da yammacin wannan rana.